Tambaya da Amsa: Karatun intanet ya kama min wuya, Baba kuma ya ƙi fita tattaki

TAMBAYA

Assalamu alaikum likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah tambaya ce dani guda biyu. Ni ma'aikaci ne anan Kano, shekarata 34, ina digiri a jami'ar karatu daga gida ta NOUN kuma na haɗa da wani kwas na kwamfuta ta intanet, da rana ina wajen aiki sai bayan Isha'i nake samun zama har wajen ƙarfe 1 na dare, wani lokacin a laftof wani lokacin a waya, kuma akan katifa nake yi. Yau kusan wata 4 kenan wuyana da kafaɗata ta dama suna min ciwo, ƙuguna ma ya fara, idona kamar an zuba min yashi, wani lokacin kuma yatsuna biyu sai inji kamar ana tsira min allura. Ina shan maganin kemis, ya lafa ya dawo. Ta biyu kuma mahaifina ne, shekararsa 73, yana da suga da ciwon gwiwa, likitansa yace ya riƙa tattaki amma daga masallacin ƙofar gida sai ɗaki, yace shi bazai je adaidaita sahu ta kwashe shi a titi ba. Wane irin waje ya dace in riƙa kai shi a cikin garin nan? Nagode.

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya bada sa'ar karatu, ya ƙarawa Baba lafiya da nisan kwana. Kace tambaya biyu ce, ni kuma dana karanta sai naga ai guda ɗaya ce, kai da Baba abu ɗaya ke damunku, zama waje ɗaya, kai karatu ne ya zaunar da kai shi kuma tsoron titi. Bari in fara da kai tunda kai ne ɗan rakiya, in ka kwanta waye zai fita dashi.

Kan babban mutum nauyinsa wajen kilo 5 ne, kamar madaidaiciyar kankana. In kana miƙe kunnenka na saitin kafaɗarka, ƙashin wuya ne ke ɗauke da kankanar nan kuma ba wata wahala, amma da zarar ka sunkuya kan waya to aikin ya koma kan tsokokin bayan wuya da na saman kafaɗa, su ne zasu riƙe kan kada ya faɗi gaba. A 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, yayi lissafin cewa in mutum ya sunkuyar da kai sosai irin yadda muke yi in waya na kan cinya, nauyin da wuya ke ji yakan kai wajen kilo 27, wato ya ɗara jarkar mai ruwa a cike. Lissafin kwamfuta ne fa, ba wai wuyanka zai karye ba, kuma bana so ka ɗauka sunkuyawa laifi ce, ai an halicci wuya ne dan ya lanƙwasa, manomi na sunkuyawa, tela na sunkuyawa. Daɗewar ce matsala. Ka ɗauki kofin ruwa ka miƙe hannunka dashi, minti ɗaya ba komai, kayi minti 20 a haka ka bani labari. To kai awa 4 kake yi, kullum, bayan ka wuni a kujerar ofis ko akan babur.

Katifar nan ita ce babbar mai laifi. Katifa na lotsawa, in ka zauna akai ƙugunka ya nutse bayanka ya gantsare ta baya kamar baka, kai kuma ya tafi gaba. In kuma rub da ciki kake yi kana dogare da gwiwar hannu, wanda nasan kana yi in ka gaji, wannan yafi kowanne muni, wuya a ɗage, ƙugu a matse, nauyinka kuma duk akan gwiwar hannu inda wata jijiya ke wucewa dab da fata, ita ce wadda in ka bugu a wajen kake jin kamar lantarki ya ja ka. In ƙaramin yatsa da na kusa dashi ne ke maka tsirar allurar to da alama ita kake dannewa. In kuma babban yatsa da manuni da na tsakiya ne, mun fi zargin wuyan hannu ko kuma jijiyar da ta fito daga wuya. Baka faɗa min wanne bane, kuma ko ka faɗa bazan yanke hukunci ta rubutu ba, zan dawo kan wannan.

Ba sai ka sayi kujerar ɗaruruwan dubbai mai juyawa ba, na sha faɗa, mutane na zuwa min da hoton kujera a waya suna tambaya ko ita ce magani. Tebur na katako da kujera mai majingina sun isa, ko kujerar roba ce indai ba mai lanƙwashewa ba. Ka zauna ka tura mazaunanka can ƙarshen kujera, ka naɗe tawul ko ƙaramin filo ka sa a kwarin bayanka saman ƙugu, tafin ƙafarka biyu su taka ƙasa, in basa kaiwa ka sa bulo ko kwali a ƙarƙashi. Gwiwar hannunka ta zauna kusa da jikinka, hannun ya kwanta akan tebur, kada kafaɗa ta ɗage tana neman kunne.

Laftof kuma an ƙera ta ne da aibi tun daga kamfani, allon kallo da madannai a manne suke, in ka saukar da ita dan hannu yaji daɗi wuya ya wahala, in ka ɗaga ta dan wuya hannu ya wahala. Mafita ka raba su. Ka ɗora ta akan littattafai ko kwali har saman allon yazo saitin idonka ko ƙasa kaɗan, nisanta da kai kamar tsawon hannunka, santimita 50 zuwa 70, sannan ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut ka sayi kibod da maus na daban ka jona, ko na hannu ne. A gyaran laftof ɗin nan wannan ne kaɗai zaka kashewa kuɗi. Waya kuma kada ka riƙe ta a hannu kana kallon lakcar awa guda, ka jingina ta da wani abu akan tebur. PDF mai shafi 200 ba na karantawa a waya bane wallahi, in akwai hali ka buga babin da kake buƙata a takarda, shagunan fotokwafi ai ba wuyar samu suke ba.

In ɗakin ba wajen tebur, zaman ƙasa ba laifi bane, iyayenmu a tabarma sukai karatun zaure shekara da shekaru. Ka jingina da bango, ka zauna akan filo mai tauri yadda ƙugunka zai ɗan fi gwiwa tudu, kafinta ya haɗa maka ɗan gajeren tebur. Amma katifa a barta ta bacci.

To duk wannan gyaran rabin magani ne. Ko ka zauna kamar hoton littafi, in ka daɗe a haka zaka ji ciwo, tsoka da gaɓa motsi suke so. Duk minti 30 ka tashi, ko minti 2 ne, kasha ruwa, ka zagaya tsakar gida, ka juya kafaɗu baya sau 10, ka ja haɓarka ciki kamar mai son yin haɓa biyu ka riƙe daƙiƙa 5 ka saki, sau 10 shima, ka tsaya ka dafa ƙugu ka ɗan miƙe baya. Ka sa ƙararrawa a waya dan in karatu yayi daɗi bazaka tuna ba. Da rana sallah na tashinmu ko bamu so, shi yasa mai karatun dare yafi shan wahala, tsakanin Isha'i da Asuba ba ladanin da zai tashe shi.

Ido kuma, mutum yakan ƙifta ido wajen sau 15 a minti, amma in ya ƙurawa allo ido ƙiftawar na raguwa sosai, hawayen da ke jiƙa ido ya bushe, ga fanka na kaɗa maka iska a fuska, in hunturu ne kuma abin ya haɗu da ƙura. Yashin da kake ji kenan. Likitocin ido na da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, duk minti 20 ka kalli wani abu mai nisan ƙafa 20, wajen mita 6, na daƙiƙa 20. Kada kayi karatu a ɗaki mai duhu in an ɗauke wuta waya kaɗai na haska maka fuska, ka kunna 'yar fitilar sola ta haska bango, ka rage hasken allon, ka ƙara girman rubutu, fanka kuma ta bugi jikinka ba idonka ba. Gilashin nan da ake tallatawa wai yana tare shuɗin haske, bitar bincike da Cochrane, ƙungiyar masana masu tace binciken lafiya, ta fitar a 2023 bata ga yana rage gajiyar ido ba, dan haka ka adana kuɗinka kaje a auna maka ido na gaskiya, da yawa masu ciwon kai wajen karatu gilashin gani suke buƙata basu sani ba. Iyafis ma kada ƙararsa ta wuce kashi 60 cikin 100, musamman in kana ƙure shi dan ka danne ƙarar janareton maƙwabta.

Sai maganin kemis. Irin su diclofenac da ibuprofen suna kashe ciwo amma in aka maida su abincin kullum suna cin ciki su kawo olsa, suna taɓa ƙoda, balle haɗin nan da ake ƙullawa a leda wanda baka san me ke ciki ba. Wata 4 yayi yawa. Tunda har akwai tsirar allura a yatsu ni shawarata kaje a duba ka, akwai sashen fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi, a Asibitin Ƙashi na Dala, akwai a Asibitin Malam Aminu Kano, a gwada ƙarfin hannun da jijiyoyin. Kuma in kaga hannun ya fara rauni, kofi na suɓuce maka ko maɓallin riga na gagararka, ko ƙafa na harɗewa, ko fitsari ya fara ƙwace maka, ko ciwon baya na tashinka cikin dare da zazzaɓi da rama, to wannan ba zancen kujera bane, ranar zaka tafi asibiti, dan tarin fuka na kama ƙashin baya kuma muna ganinsa a ƙasar nan. Kada kuma ka bari wani ya murɗe maka wuya wai zai gyara.

Yanzu Baba. Da farko dai Baba yana da gaskiya, kada ku ɗauka rigimar tsufa ce. Mutum mai shekara 73 da ciwon gwiwa ba zai iya tsalle ya kaucewa adaidaita ba, gefen titin da ya kamata ace na masu tafiya a ƙasa ne ko dai babu, ko an kasa kaya akai, ko kwata ce a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta mutum wajen 684,000 ne ke mutuwa duk shekara a duniya sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Tsoho in ya karye a ƙugu ba kamar yaro bane, da yawa daga nan basa ƙara tashi. Sai dai kuma zaman da yake yi dan gudun faɗuwa shi ke cinye naman cinyarsa, ƙafa ta ƙara rauni, faɗuwar tazo ta same shi har banɗaki. Ma'aunin da WHO ta bayar a 2020 shine aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, ga 'yan 65 zuwa sama kuma a ƙara da atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa kwana 3 a sati. Kada adadin ya tsorata ku, ba ranar farko ake kaiwa ba, minti 10 ma farawa ce.

Wane waje? Tun 2007 WHO ta fitar da jagora kan birnin da ya dace da tsofaffi bayan an zauna da tsofaffin kansu a birane 33, kuma abubuwan da suka nema ba wasu manya bane, wajen zama, banɗaki, hanya mai laushin tafiya, inuwa, tsaro. Ni a ganina a cikinsu benci ne sarki. Abin kamar wasa, amma wajen zama shi ke sa tsoho tafiya, dan kafin ya ɗaga ƙafa sai ya lissafa inda zai huta, in bai hango ba bazai fara ba. Kuma mu Kanawa mun riga kowa sanin wannan, dakalin ƙofar gida fa? A cikin gari da tsoho zai taso daga gida ya zauna a dakalin wane a gaisa, ya ƙara gaba ya zauna a inuwar darbejiya wajen majalisa, ya isa masallaci, ya dawo, yayi tafiyar kilomita bai san yayi ba. Yanzu an fasa dakali an fitar da shago, an sare bishiya an zuba intalok, sabbin unguwanni kuma katanga ce da get. Muna ta cewa tsofaffi sun daina fita alhali mu muka kwashe musu wajen zama. Wannan dai ƙorafina ne na kullum, bari in koma kan tambayarka.

Kafin ka kai shi ko ina kaje kai kaɗai tukuna, ka taka wajen da idon mai ciwon gwiwa. Daga inda mota zata sauke shi zuwa wajen zama na farko taku nawa ne? Bencin yana da majingina da wajen dafa hannu? dan tsoho da hannu yake tashi, kuma kada ya zama gajere, tsayin wajen santimita 45 zuwa sama kaɗan, in gwiwarsa tafi ƙugunsa tudu in ya zauna to tashi zai zama aiki. Bencin siminti ko na ƙarfe da ke cikin rana a watan Afrilu ado ne kawai ba mai zama. Ƙasan wajen ya zama a baje, ba tayil mai santsi ba, ba yashi mai nutsewa ba, ba intalok da ya ɗaɗɗago ko saiwar bishiya ba. In akwai matakala a samu ƙarfen dafawa ko gangara, dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ma ta wajabta irin wannan a gine-ginen jama'a, ta bada shekara 5 a gyara. Sai banɗaki da wajen alwala, kuma kada ka raina wannan, dattijo mai suga ko mai matsalar mafitsara fitsari na matsa masa akai akai, kunya bazata bari ya faɗa maka ba, sai dai kawai yace shi baya son zuwa.

Gidan Zoo da ke nan tun zamanin Audu Bako yana da manyan bishiyoyi da fili kuma ba ababen hawa na bin mutum, in zaku je ku zaɓi ranar aiki da safe, banda lokacin bukukuwan Sallah da yara ke cika shi. Wajen Filin Sukuwa da titunan Nasarawa GRA mutane na tattaki da sassafe kuma akwai inuwa, harabar Jami'ar Bayero (BUK) ma haka in kuna da hanyar shiga. Dutsen Dala da Goron Dutse kuwa a bar wa matasa, saukowa tafi hawa cin gwiwa. Amma gaskiyar magana wajen da yafi shine wanda zaku iya zuwa sau 4 ko 5 a sati, in sai an hau adaidaita biyu an ci cunkoso kafin a isa to sati biyu zakuyi ku daina. Filin makarantar firamare ta unguwa bayan an tashi, harabar masallacin Juma'a, layin da ba mota sosai, duk sun wadatar, Zoo ɗin ya zama na ƙarshen wata. In ba benci ka ɗauki kujerar roba ka ajiye a tsakiyar hanya, ba abin kunya bane. Wata dabarar kuma, ya riƙa yin La'asar a masallacin da ke gaba da naku kaɗan, dattijo bazai fita dan "motsa jiki" ba amma zai fita dan jam'i da gaisawa da abokai, in ka samo masa tsaransa guda ɗaya da zasu riƙa tafiya tare ka gama.

Lokaci kuma, bayan gari ya waye sosai ko bayan La'asar. Da bazara zafin Kano na haura digiri 40, kada ya fita da rana tsaka, kuma ya sha ruwa ko bai ji ƙishi ba dan jin ƙishi na raguwa da tsufa. Da hunturu ku jira rana ta fito, in ƙura tayi yawa ya sa takunkumi ko a haƙura ranar. Saboda sugan, kada ya fita da yunwa bayan yasha magani ko yayi allura, ka sa dabino ko alawa a aljihu, in yaji jiri ko gumi ko karkarwa ya zauna yaci. Takalmi rufaffe mai taushin ciki da safa, banda silifas, kuma in an dawo a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, mai suga na iya taka ƙusa bai ji ba. Saurin tafiyar ya zama yana iya hira amma numfashi ya ɗan ƙaru, in yaji ƙirji ya riƙe ko numfashi na gagara a tsaya a nemi likita. In yana riƙe sanda, tsayinta yazo daidai wuyan hannunsa in ya tsaya ya saki hannu, a sa mata roba a ƙasa, kuma a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙewa, in gwiwar dama ce ke ciwo sanda a hagu, yawancin mutane akasin haka suke yi. A gida kuma ya riƙa tashi da zama daga kujera sau 8 zuwa 10, ya dafa bango ya ɗaga dunduniya, ya gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe, wani na kusa dashi. A kai shi a duba idonsa ma ko akwai yana.

Baka ambaci Hajiya ba, in tana raye Allah ya ƙara mata lafiya, ita ma a duba ta, dan iyayenmu mata sun fi maza zama, shi Baba ko ba komai yana fita masallaci sau 5, ita kuwa daga ɗaki sai tsakar gida an ɗauke mata duk aiki wai ana hutar da ita. Ko zagayen tsakar gida ne da ziyarar maƙwabta a ƙafa a bar ta tayi.

Kai kuma ka ciro minti 30 ɗin rakiyar Baba daga cikin awa 4 ɗinka na dare, ba daga baccinka ba, dan ƙarancin bacci kansa na ƙara jin ciwo, mai kwanciya ƙarfe 1 ya tashi Asuba jikinsa bai samu ya gyara kansa ba. Lakcocin da sauraro kawai ake yi ka sauke su a waya ka riƙa ji a tsaye ko kana zagaya tsakar gida. Amma in kun fita da Baba ka cire iyafis ɗin ka sa a aljihu, ka tsaya ta ɓangaren titi shi yana ta ciki, ka bi saurinsa kada ka ja shi. Ka gwada gyaran tebur da tashi duk minti 30 na sati 3, in an duba hannun kuma ka rubuto min wane yatsu ne da abinda aka ce maka.